Yadda ake sauke hannun haƙa daga bayan tarakta a ajiye shi har ya wuce damina

A nan yankin Garwa, a arewacin Kamaru, aikin hannun haƙa na rani ne. Daga Nuwamba zuwa Afrilu ake neman mu haƙar tushen gini, ramin salga, magudanar ruwa, tafkin kifi, ko hanyar bututu a lambu. Da hadari ya fara haɗuwa a watan Mayu, manoman auduga da masara za su cika ƙofar gida suna neman huɗa, dole a sauke hannun a ɗaura garma. Wato muna sauke shi ne daidai lokacin da kowace ƙasa ta bushe ta yi tauri kamar dutse, sannan mu bar shi a wurin wata biyar ko shida, watannin da ruwa ya fi yawa. Ƙasar da ka taka a Afrilu ka ji ta ƙam, ba ita za ka tarar a Agusta ba.

Abin da nake kira hannun haƙa shi ne ƙarfen nan da ake ɗaurawa a bayan tarakta, mai kujerarsa da libobinsa da ake sarrafa shi da su, da babban hannu, da ƙaramin hannu, da bokiti mai haƙora, da ƙafafu biyu da ake saukewa su tokare ƙasa. Ƙanana suna kai kilo 300 ko fiye, manya su tasam ma tan guda. Muddin yana jikin tarakta, man haidirolik ne ke ɗaga shi ya sauke shi, da yatsa biyu kake juya shi. Da ka cire tiyon man, ya koma tulin ƙarfe wanda ƙarti huɗu ba sa iya gusar da shi. In ya karkace a inda ka aje shi, ramukan ƙusoshinsa ba za su ƙara dacewa da na tarakta ba, kuma tarakta ba ta iya karkacewa ta bi shi.

Wannan ya taɓa faruwa da ni. Shekarar farko da na riƙe irin wannan hannu, na sauke shi a bayan gida ƙarƙashin dogonyaro, saboda inuwa. Ƙasar wurin baƙar laka ce. Kafin ƙarshen Agusta ƙafar hagu ta nutse kusan taƙi guda, gaba ɗaya ƙarfen ya kwanta gefe. Da kaka ta yi aka zo da aiki, mu uku muka wuni da jak da katakai muna ɗaga shi, tiyo ɗaya ya tsage a cikin kokawar, kuma saura kaɗan ƙafar yaron da ke taya ni ta shiga ƙarƙashin firam, wato gindin ƙarfen da hannun ke zaune a kansa. Har yau in na tuna wannan sai gabana ya faɗi.

Zaɓen wuri

Abu uku ake nema a wurin: ya zama mai tauri ko da ya sha ruwa, ya zama a shimfiɗe, kuma ruwa ba ya kwana a cikinsa.

Baƙar laka, wadda Fulani ke kira karal, irin wadda ake dasa masakwa a kanta a filayen Marwa da Yagwa, ita ce mafi yaudara. Da rani tana tsagewa ta yi ƙarfi har diga ta riƙa tsalle a kanta. Da ta sha ruwa sai ta kumbura ta koma taɓo, in ta bushe kuma ta sake tsukewa. Wannan kumburi da tsukewa ba ya tafiya daidai a ƙarƙashin ƙafafu biyu, don haka ko bai nutse da yawa ba, sai ya karkata. Rairayi irin na bakin Binuwai ko bakin mayo, wato rafi, bai kai laka muni ba, amma ruwan sama yana zaizaye shi daga ƙarƙashin ƙafa, a hankali ƙafar ta bi ramin. Jar ƙasa mai burji, in an daddaɓe ta, tana riƙe nauyi rani da damina. Daɓen siminti ya fi su duka.

Wajen sanin inda ruwa ke bi, kada ka dogara da idonka na rani. Tambayi matan gida, su da ke shara kullum su suka san lungun da ruwa ke kwana da wanda ke bushewa da wuri. Duba inda kwanon rufi da indararo ke zubar da ruwa, ka nisanci wurin. In kana shakkar shimfiɗar wurin, ari tiyon ruwan nan mai haske da magina ke awo da shi, ko ka zuba bokitin ruwa guda ka ga inda ya nufa da irin gudun da yake yi. 'Yar gangara kaɗan wadda ruwa zai sulale a hankali ana sonta. Gangarar da ido ke gani daga nesa ba a sonta.

Akwai abin da mutane suka fi mantawa: ba hannun kaɗai ke buƙatar wuri ba, har da taraktar da za ta dawo ɗaukarsa. Da baya za ta zo, kuma a miƙe, don haka bar fili a gabansa da ya kai tsawon tarakta sau biyu, wanda ba za a jibge itace ko bulo ko buhunan taki a cikinsa ba. Kuma inda tayoyin baya za su tsaya ya zama tsayinsa ɗaya da inda hannun yake zaune. Na ga wanda ya zuba daɓe mai kyau daidai girman hannun, daɓen ya ɗara ƙasa da santimita 15, ranar ɗaurawa tarakta tana ƙasa hannu yana sama, sai da aka yi ta cusa katako ƙarƙashin tayoyi.

In da hali, a yi rumfa. Zafin Maris da Afrilu a nan yana haura digiri 40, rana tana cinye robar tiyo har ta tsattsage, ruwan sama kuma yana sa tsatsa a sandunan silinda, wato sandunan da mai ke turawa su motsa hannun. Rumfar kwano mai ƙafa huɗu ta isa, muddin tsayinta ya bar tarakta ta shiga.

Gyaran ƙasa

In burji za ka yi, kankare saman ƙasar wurin, musamman in laka ce, ka kwashe kamar santimita 20 zuwa 30. Cika ramin da burji kashi-kashi, kowane kashi ka yayyafa ruwa ka daddaɓe kafin ka zuba na gaba. Kada ka juye tifa guda lokaci ɗaya ka ce tarakta za ta take, sama ne kawai zai yi tauri, ƙasa na nan sako-sako. Bar tsakiyar ta ɗan fi gefe tudu, ka ja 'yar kwata a kewaye ta kwashe ruwa.

In siminti za ka yi, ga lissafin da ya ishi hannu matsakaici. Daɓe mai tsawon mita 3, faɗin mita 2 da rabi, kaurin santimita 12, yana cin kankare ƙasa kaɗan da mita kubik ɗaya. Da awon kilo 350 na siminti a kowane mita kubik, buhu 6 zuwa 7 ke nan na kilo 50. Ba abu ne mai wuyar samu ba, ga masana'antar siminti nan a Figil. Sa ragar ƙarfe a tsakiyar kaurin, kuma a kan laka kada ka zuba kankare kai tsaye, sai ka fara shimfiɗa burjin da na faɗa, in ba haka ba kumburin ƙasa zai fasa daɓen cikin damina ɗaya ko biyu. Ba shi gangarar santimita 1 zuwa 2 a kowace mita. Shayar da shi ruwa safe da yamma kwana 7, a zafinmu wannan ba abin wasa ba ne, ka rufe shi da buhuna ko ciyawa don kada ya bushe da gaggawa. Kankare yana cika ƙarfinsa ne a kwana 28, saboda haka wanda zai sauke hannu a Mayu, a Maris ko farkon Afrilu ya kamata ya yi daɓensa.

Ko burji ko siminti, tanadi katakai. Amfaninsu a fili yake in aka yi lissafi. Ɗauki hannu mai kilo 600 da ke tsaye a wuri uku, kowane wuri na ɗauke da kamar kilo 200. Tafin ƙafa mai santimita 15 a 20 yana danna wannan nauyi a ɗan ƙaramin wuri. Sa katako mai santimita 40 a 40 ƙarƙashinsa, nauyin ya bazu a wurin da ya ninka na farko fiye da sau biyar. Haƙoran bokiti kuwa, da ma don su huda ƙasa aka ƙera su, su suka fi kowa buƙatar katako. Nemi ice mai tauri, mai kaurin santimita 5 ko fiye. Ƙirya ta fi, gara ba ta cika samun yadda take so da ita ba. In farin katako ne a hannunka, shafe shi da baƙin mai ka bari ya tsotse. Banda waɗannan, sami gungume biyu ko uku masu kusurwa huɗu da za su shiga ƙarƙashin firam.

Bulon siminti mai rami kada ya shiga wannan aiki ko kaɗan. Katako yana yin ƙara yana lanƙwasa kafin ya karye, sai ka ji ka matsa. Bulo ba ya gargaɗi, lokaci guda yake tarwatsewa.

Saukewa

Kafin komai, wanke hannun. Lakar da ta manne a bokiti da gaɓoɓi tana riƙe danshi, danshi ya kawo tsatsa. Matsa giris a kowane kan giris har sai tsohon ya fito, tun yana jikin tarakta, don ka iya motsa gaɓoɓin giris ɗin ya ratsa.

Daga nan shigo da tarakta da baya a miƙe, tsaya inda kake son hannun ya zauna. Sa giya a furi, ja birkin hannu, rage wutar inji zuwa ƙasa, don motsin mai ya zama a hankali. Kore yara da dabbobi daga wurin. In kana da mai taimako, ku yi magana tun farko cewa ba wanda zai shiga tsakanin tarakta da hannu muddin akwai mutum a kan sitiyari.

Dawo da babban hannu tsakiya sosai, ka sa ƙusar da ke hana shi lilo hagu da dama. Hannun da aka aje yana kallon gefe ya riga ya kama hanyar faɗuwa. Jera katakai a inda ƙafafu za su sauka, ka sauke ƙafafun ɗaya bayan ɗaya har su taɓa katako su ɗan ɗauki nauyi. Ba a so su ɗaga tayoyin tarakta sama kamar lokacin haƙa. Cire ƙusar da ke riƙe babban hannu lokacin tafiya, ka sauke shi, ƙaramin hannu ya ɗan miƙa waje, bokiti ya zauna a kan nasa katakon. Kada ka naɗe hannun ya matso jikin firam sosai. Murhu ma da duwatsu uku yake riƙe tukunya, amma in ka matso da su wuri ɗaya tukunyar kifewa za ta yi. Tazara tsakanin ƙafafu da bokiti ita ce ƙarfin tsayuwarsa.

Yanzu sai ƙusoshin da suka haɗa shi da tarakta. Iri biyu ne aka fi gani: wanda ke rataye a hannayen garma uku, da wanda ke zaune a kan firam da aka ɗaure ƙarƙashin tarakta. In kana da littafin kamfanin da ya ƙera naka, bi jerin da ya tsara. A kowane iri dai dabarar ɗaya ce, ƙusar da nauyi ke kanta ba ta fita. Kada ka ɗauko guduma. Taɓa libar babban hannu ko ta ƙafafu kaɗan-kaɗan, kana jijjiga ƙusar da hannu, za ka ji lokacin da ta saki, sai ta zaro cikin sauƙi. A mai hannayen garma, na sama ake fara cirewa sannan na ƙasa biyu. Kada ka taɓa cusa yatsa cikin rami don ka ji ko ya daidaita, ɗan ƙarfe ake sawa.

Da ƙusoshi sun fita, kada ka ƙara hawa kujerar hannun. Tsaya a gefe ka miƙa hannu ga libobi, ƙafafunka nesa da ƙarƙashin firam. Matsar da tarakta gaba kaɗan, santimita 20 zuwa 30, tiyo na nan a haɗe, wani na kallon tiyon kada ya miƙe ya tsinke. Ja birki kuma.

Ga matakin da ya fi kowane muhimmanci, kuma shi aka fi tsallakewa. Jera gungumen nan ƙarƙashin firam, ka sassauta ƙafafu da babban hannu a hankali har firam ɗin ya zauna daram a kansu. Dalili kuwa, silinda ba ta riƙe nauyi har abada. Ko sabuwa ce, mai yana silalewa ta cikin robobi da bawul kaɗan-kaɗan, yau ba ka gani, bayan mako uku ka tarar ƙarfen ya sauka, kuma ƙafa ɗaya takan riga ɗaya. In nauyi na kan katako, mai ya yi ta silalewa, ba abin da zai motsa. Yi ƙoƙari tsayin gungumen ya bar ramukan ƙusa kusa da tsayin na tarakta, ka auna daga ƙasa zuwa rami ka rubuta a jikin firam da alli ko fenti. Ƙafafu su ci gaba da zama a kan katakansu suna tokare gefe da gefe.

Kashe inji, cire makulli. Kaɗa kowace liba gaba da baya sau uku ko huɗu don matsin da ya rage a cikin tiyo ya fita. Za ka ga ƙarfen ya ɗan nisa ya zauna. Kama shi da hannu biyu daga gefe ka girgiza da ƙarfi. In ya yi rawa, tada inji ka gyara yanzu, tun tiyo na haɗe.

Mai da tiyo

Matsin mai a irin waɗannan taraktoci yana kai 150 zuwa 200 a awon matsi da ake kira bar. Man da ke fita ta ƙaramar huda da irin wannan ƙarfi yana huda fata ya shige cikin nama, raunin ya yi kama da sukar ƙaya alhali ciki yana ruɓewa. Wanda haka ta same shi asibiti zai nufa nan take, aikin tiyata ne. Saboda haka ba a neman yoyo da tafin hannu, da kwali ake nema, kuma ba a cire tiyo inji na aiki.

Goge bakunan tiyo da tsumma mai tsabta kafin ka cire su. In hannun daga tarakta yake shan mai, akwai taraktocin da dole ne, bayan ka cire, ka haɗa tiyon fita da na dawowa na jikin taraktar da juna kafin ka tada inji. In ba ka yi ba, mai ya rasa hanya, famfo ya yi ta turawa a toshe har ya yi zafi ya lalace, kuma famfon haidirolik ba araha gare shi ba. Tiyo biyu na jikin hannun su ma haɗa su da juna in bakunansu sun dace. In ba su dace ba, sa musu murfi, ko ka ɗaure su da leda mai kauri da roba. Ƙurar da ta shiga bakin tiyo cikin famfo za ta ƙare, zanzaro kuma duk ramin da ya samu a buɗe sai ya cika shi da laka. Rataye tiyon a jikin hannun, kada ya kwanta a ƙasa inda ɓera da danshi suke. In naka mai famfon kansa ne wanda ake sawa a sandar juyi ta bayan tarakta, zare famfon bayan ka kashe inji, ka ɗaure shi sama a jikin firam ba tare da tiyonsa ya lanƙwashe ba, ka mayar wa sandar murfinta.

Sandunan silinda masu ƙyalli, duk inda ya rage a waje, musamman na ƙafafu, shafe shi da giris sosai. Ɗigon tsatsa guda a jikin sanda ya isa ya yanke roba ranar da ta koma ciki, daga nan yoyo ya fara. Ƙusoshin da ka cire, shafa musu giris ka mayar da su ramukansu na jikin hannun da 'yan makullansu, nan ne kaɗai ba sa ɓata. Bokiti ya zauna yadda ruwa ba zai taru a cikinsa ba, don kada ya zama gidan sauro. Rufe kujera da libobi da tamfol, amma bar ƙasa a buɗe iska na shiga, tamfol da aka naɗe ruf yana tara gumi.

In taraktar tana da bokitin lodi a gaba, ka tuna nauyin da ke danne bayanta ya tafi. Kada a ɗebi kaya da shi sai an rataya garma ko wani nauyi a baya.

Cikin damina

Bayan ruwan farko mai ƙarfi je ka duba, sannan kowane mako biyu ko uku. Auna tsayin nan da ka rubuta ka ga ko ya sauya. Duba katakai ko gara ta fara gini, duba ko ruwa ya fara cin gefen burji, cire ciyawar da ta tsiro, don maciji da kunama na son irin wannan wuri. Yara kuwa kujerar nan tana jan su, za su hau su riƙa kaɗa libobi. In nauyi na kan katako kuma ka fitar da matsi, ba abin da zai faɗo, amma duk da haka ɗaure libobin da waya ko sarƙa, ka kuma gaya wa mutanen gida da bakinka.

Ranar ɗaurawa

Goge giris ɗin sanduna da tsumma kafin ka motsa komai, saboda ya riga ya kwashi ƙura da yashi. Da safe ake wannan aiki. Man da ke kulle cikin tiyo yana kumbura in rana ta buga shi, sai ka ga bakin tiyo ya ƙi shiga ko ka hau kansa da ƙarfinka. In haka ta faru, kaɗa libobi tukuna. In bai saki ba, rufa tsumma a kan mahaɗar, kau da fuskarka, ka sassauta goro da sifana kaɗan har 'yan ɗigo su fito, sannan ka ɗaure.

Zo da baya a miƙe, tsaya da tazarar santimita 20 zuwa 30, kashe inji, haɗa tiyo, sannan ka tada. Ɗaga firam daga kan gungume da ƙafafu da babban hannu har ramuka su yi daidai da na tarakta, janye gungumen da sanda, matso da tarakta, sa ƙusoshi da makullansu. Duba awon mai a tanki, ka motsa kowace silinda ciki da waje sau biyu ko uku da ƙaramar wuta kafin bokiti ya taɓa ƙasa. Katakan kuma tattara su ka jingine cikin rumfa nesa da ƙasa, watan Mayu za ka sake nemansu.